Kafin ka sayi bindiga a Zango, ka duba gidan da za ta kwana

A 'yan shekarun nan zancen bindiga ya shigo majalisun samarinmu na Nima da Maamobi da Sabon Zango ta ƙofar waya. Duk bes ɗin da ake shan ataya, ba ka daɗewa wani zai miƙo maka bidiyon TikTok ko YouTube: Ba'amurke a filin harbi, ya shimfiɗa doguwar bindiga a kan tebur, yana bayanin madubin hange da ya ɗora mata da kunamar da ya canza. Daga nan sai gardama, wacce ta fi, nawa take, ta ina ake samu. Manya ma ba a bar su a baya ba, sai dai su dalilinsu daban ne. Mai canjin kuɗi a Tudu, mai kiyos ɗin mobil moni, dillalin shanu da ke dawowa daga Tulaku da jaka cike, duk suna ganin yadda fashi ke ƙaruwa a idonsu, suna tambayar kansu ko lokaci bai yi ba.

Ra'ayina shi ne, a Zango tambayar "wace bindiga" ita ce ta ƙarshe a layi. Kafin ita akwai ta doka, akwai ta gidan da bindigar za ta kwana, akwai ta hannun da zai riƙe ta. Yawancinmu da ke zaune cikin Nima da Maamobi, in muka amsa waɗannan da gaskiya, ba za mu kai ga ta ƙarshen ba. Wanda kuma ya kai, akwai yadda ya kamata ya zaɓa, ya inganta, ya kula.

Mu fara da abin da ake gani a bidiyon. Irin bindigar nan, wadda AR-15 ta fi shahara a cikinsu, ita ke ɗura wa kanta harsashi. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, ƙarfin fitarsa ya tofar da kwanson, ya shigar da wani, tana jiran ja na gaba. A Amurka ana sayar da ita da sunan wasan harbi da farauta, kuma tsarin mulkinsu tun gyaran 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey da aka fitar a 2018 ta ce akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a can, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Tsarin mulkin Ghana na 1992 babu irin wannan 'yancin a cikinsa. A nan riƙe bindiga izini ne da hukuma ke bayarwa, tana kuma iya janyewa.

Dokar da ke tafiyar da lamarin ita ce ta makamai da harsasai ta 1972, wadda aka fi sani da NRCD 9, tare da ta 1962 da gyare-gyaren da aka yi daga baya. A aikace, abin da farar hula ke samun lasisinsa ta hannun 'yan sanda shi ne bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi, mai baki ɗaya ko biyu, ko wadda ake ja da hannu a ɗura, wadda kowa ke kira famp-akshan. Ƙaramar bindiga ta ƙugu sai da amincewar Ministan Cikin Gida. Su kuwa AK-47 da G3 da M16 kayan jami'an tsaro ne, babu takardar da za ta halatta maka su. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da hanyar samo maka irin ta bidiyo ta bayan gida, hanyar kurkukun Nsawam yake nuna maka. Sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sa riƙe bindiga ko harsashi ba tare da izini ba cikin laifuka masu daraja ta farko, kuma alƙali ba zai tambaye ka ko don tsoron ɓarayi ka saya ba.

To, a ce doka ta ba ka. Sai mu zo ga gida, kuma nan ne na fi son mu tsaya. Wanda ke cikin bidiyon yana da gida nasa shi kaɗai, da gareji, da akwatin ƙarfe, da filin harbi mai tudun ƙasa a bayan abin da yake saitawa. Kai fa? Yawancinmu gidan haya muke, ɗaki da falo ko ɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya da iyalai biyar ko goma, bayan gida ɗaya, famfo ɗaya. Yaran maƙwabta suna shiga ɗakinka kamar nasu, kuma haka muke so, don haka aka rene mu. Babu wani lungu a ɗakin da yaro ɗan shekara takwas bai san shi ba: ƙarƙashin katifa, saman wadurob, bayan akwatin kaya. Bangon da ya raba ka da maƙwabcinka bulo ɗaya ne, wani wurin ma katako ne ko kwano. Harsashin doguwar bindiga yana iya tafiya fiye da kilomita biyu, kuma katako da kwano ba sa tsayar da shi. Ka auna kilomita biyu daga kasuwar Nima: ka wuce masallatai nawa, makarantun allo nawa, masu waake da masu kooko nawa? Ko bindigar farauta da ƙwayoyinta ba sa nisa haka, a cikin lungu mai faɗin kafaɗa biyu ba ta san ɓarawo da mai tallan ruwa ba.

Shi ma harbin sama da wasu ke yi ranar biki ko naɗin sarauta, suna ganin wasa ne, abin da ya tashi sai ya sauko. Ba a daji yake saukowa ba, a kan rufin wani ne ko kan ɗan wani. In abin ya faru sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni dai ban yarda a kira shi tsautsayi ba alhali mutum da hankalinsa ya ɗura, ya ɗaga, ya ja kunama a tsakiyar jama'a.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce: Malam, kai kana rubutu ne, mu ne muke kwana da kuɗin mutane. Ɗan fashi ba ya neman lasisi, kuma kafin 'yan sanda su iso an gama. Gaskiya ne. Amma mu duba yadda fashin ke faruwa. Ranar 14 ga Yuni, 2021, a Adedenkpo kusa da James Town, 'yan fashi a kan babura suka tare motar ɗaukar kuɗi da rana tsaka. Akwai ɗan sanda da bindigarsa a cikin motar, shi suka fara harbewa, wata baiwar Allah da ke sana'arta a wurin ita ma ta rasa ranta, suka tafi da bindigar. Mutum ne da aka horar, yana bakin aiki, makami a hannunsa. Ɗan fashi shi ke zaɓar lokaci, kai kuwa kana ƙirga canji ko kana barci. Bindigar da aka adana yadda ya kamata, a kulle, babu harsashi a ciki, ba za ta zo hannunka cikin daƙiƙa biyar ba. Wadda kuma aka ajiye a ɗure kusa da hannu, ita ce wadda yaro ke samu. Kuma da zarar unguwa ta san akwai bindiga a ɗakinka, ka ƙara wa ɓarawo dalili na biyu na zuwa, domin a kasuwarsu ta fi talabijin daraja. Mai kuɗi a hannu ya fi samun tsaro in ya rage abin da yake kwana da shi, ya kai banki kafin la'asar, ya sauya hanya da lokaci, ya sa kyamara da ƙofar ƙarfe, su kuma 'yan layi su haɗa kai su yi sintiri da sanin ofishin 'yan sanda.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wato sunan Zango. Ranar 18 ga Janairu, 2022, ƙasa gaba ɗaya ta kalli bidiyon rikicin ƙungiyoyin samari biyu a tsakanin Nima da Maamobi, ana harbi ana sara a kan titi da rana. Mutum nawa ne suka yi abin? 'Yan kaɗan. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari: wanda ya je neman aiki washegari ya rubuta Nima a adireshinsa, shi ya biya kuɗin. Kafin wannan, harbin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu, 2019, shi ya haifar da kwamitin Emile Short da kuma doka mai lamba 999 ta wannan shekarar, wadda ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa da aikin langad, ta tanadi ɗaurin shekara goma zuwa goma sha biyar. Kowa ya san ina ake zuwa neman samari in zaɓe ya gabato ko rikicin fili ya tashi. Mai ba ka bindigar yana gidansa mai katanga, 'ya'yansa suna makaranta a waje, kai ne za a kama da ita.

Kada wani ya ɗauka bindiga baƙuwa ce a wurinmu. Kakanninmu da dama da ita suka shigo ƙasar nan. Hausawan da Kyaftin Glover ya ɗauka sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga irin wannan runduna aka kafa rundunar tsaron Gold Coast a 1879. Bayan yaƙin duniya na biyu tsofaffin sojoji da yawa a Nima suka sauka. Waɗannan mutane sun san bindiga fiye da duk wani mai bidiyo, kuma tarbiyyar da suka samu ita ce bindiga tana kwana a ma'ajiyar makamai, ana sa hannu a karɓa, ana sa hannu a mayar, ana ƙirga harsashi ɗaya bayan ɗaya. Addininmu ma ya riga bariki faɗin haka. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. In kibiya ke nan, ina ga abin da ke fasa bulo?

Yanzu ga wanda yake da dalili na gaskiya. Akwai su a cikinmu: mai gona a wajen gari, mai garke a filayen Accra ko Afram, mafarauci da ya gaji sana'ar. Shawarata gare shi ita ce ya zaɓi mafi sauƙin bindigar da za ta yi masa aikin. Mai baki ɗaya ko biyu da ake karyawa a tsakiya ta ishi gona da farautar gyazbi, wanda 'yan ƙasa ke kira akrantie. Kana karya ta ka ga cikinta da idonka, kowa na kusa ma ya ga babu komai. Ƙarafunta kaɗan ne, abin lalacewa kaɗan ne. Mai ɗura wa kanta kuwa, bayan kowane harbi a shirye take da wani, kuma nan ne sabon hannu ke yin kuskure: ya cire gidan harsashi ya ɗauka ta zama fanko, alhali ɗaya na kwance a ciki. Tana kuma tara dauɗa da wuri, tana son wanka fiye da sauran. Ka saya daga dillali mai lasisi, lambar jikinta ta dace da ta takarda, ka bi ta ofishin rajistar makamai na 'yan sanda, a yi binciken halinka, a rubuta ta da sunanka. Ƙirar gida ta maƙera, duk arharta, ka bar ta. Ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne a dokar 1972, kuma ba a gwada ƙarfin bututunta kamar yadda masana'anta ke yi, shi ya sa take fashewa a hannun mai ita. Mafarauci kuma ya tuna kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta don dabbobi su hayayyafa, gyazbi ne kawai aka keɓe, shi ma da lasisi.

Batun ingantawa, wanda shi ne ya fi jan hankalin samari, a nan ma na saba da bidiyo. Abin da wasu ke kira gyara a wurinmu shi ne a kai wa maƙeri ya datse bakin don ta ɓoyu a riga, ko ya sassauta kunama, ko a goge lamba. Bindigar da aka yi wa haka ta daina zama wadda aka rubuta a takardarka, kuma duk ɗan sandan da ya gan ta ya san ba don gyazbi aka datse ta ba. Kunamar da aka sassauta kuwa tana iya tashi in bindigar ta faɗi ko ta bugi ƙofar mota. In kana da kuɗin ƙari, ga inda za ka zuba shi. Masu walda sun cika Nima, su ke mana ƙofofi da tagogin ƙarfe: a yi maka akwati mai kauri, a ɗaure shi da bango, a sa kwaɗo mai kyau, makulli a jikinka kai kaɗai. A yi wani ƙarami daban don harsashi, a wani wurin. Ka sayi abin toshe kunne, don ƙarar harbi tana cin ji a hankali kuma ba ya dawowa. Sannan ka nemi wanda ya ƙware, ta hanyar da hukuma ta yarda, ya koya maka. Wannan ba ƙa'idar da na ƙirƙira ba ce: yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta sa horo da wurin ajiya mai tsaro da raba bindiga da harsashi cikin sharuɗɗan ba farar hula lasisi.

Kulawa kuma tana farawa da abu ɗaya kullum: kafin ka taɓa tsumma, ka buɗe ka tabbatar babu harsashi, bakin yana kallon inda babu mutum, ko da kai ka ajiye ta jiya. Iskar Accra ta teku ce, da laima da gishiri, ƙarfen da aka manta da shi wata biyu sai ka tarar da tsatsa. Bayan kowane amfani a goge cikin bututun, a shafa man bindiga kaɗan, ba manja ba, ba baƙin man mota ba, don waɗannan daskarewa suke su kama ƙura, musamman lokacin hunturu. Kada a ajiye ta cikin buhu ko jakar leda a ƙasa, mu da muka ga abin da ruwan 3 ga Yuni, 2015 ya yi wa ɗakunan bakin gota. Kafin fita, ka leƙa bututun ta baya ka ga haske: laka, ko tsumman da aka manta, ko gidan zanzaro, kowannensu ya isa ya fasa shi a fuskarka. Harsashin da ya sha laima ya kumbura, kada ka tilasta shi. In ka ja kunama bai tashi ba, kada ka juyo da bakin ka duba, ka bar shi yana kallon wuri mai aminci ka jira, don wani yana jinkiri ne kawai. Kuma ba a ba da aron bindiga, ko ga ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya. Lasisin naka ne kai kaɗai, abin da ta yi a hannunsa kai ma za a tambaya.

Takardar ita ma tana son kulawa, kuma nan ne Ghana gaba ɗaya ta yi sakaci. Lasisi na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi. Hukumar kula da ƙananan makamai ta ƙasa, wadda doka mai lamba 736 ta kafa a 2007, ta daɗe tana ambaton binciken 2014 da ya ƙiyasta bindigogi miliyan 2.3 a hannun farar hula, kusan miliyan 1.2 ne kawai aka taɓa yi wa rajista, kuma kaɗan ne daga cikinsu ake sabuntawa. Wani kaso na wannan matsalar yana cikin gidajenmu ta hanyar gado. Tsoho ya rasu, an raba gida da tufafi da kuɗi, bindigarsa tana saman silin, babu mai son tayar da zancen. Lasisi ba ya shiga gado. Magada su sanar da 'yan sanda, ko a mayar da ita sunan wanda ya cancanta, ko a miƙa ta. Malamanmu masu rabon gado su riƙa tambaya, kamar yadda suke tambayar bashi da wasiyya. Gwamnati ta buɗe ƙofar afuwa daga 1 ga Disamba, 2025 zuwa cikin Janairun 2026, ta bakin Ministan Cikin Gida Muntaka Mohammed-Mubarak, don a miƙa irin waɗannan makamai ba tare da tuhuma ba. Wanda bai yi amfani da ita ba kada ya zauna jiran wata: ya samu lauya ko sarkin unguwa ko limami, su yi masa jagora zuwa ofishin 'yan sanda.

Ita ma hukuma akwai nata. In ana so mutane su sabunta lasisi, a sauƙaƙa hanyar, a bayyana kuɗin a fili, a daina sa mutum zarya. Dokar da aka rubuta a 1972 ta tsufa, ya kamata majalisa ta sabunta ta, ta sa horo da duba wurin ajiya su zama wajibi kafin a miƙa wa kowa takarda. Sarakunan Zango kuma su hana harbi a bukukuwansu da bakinsu, kada su jira sai 'yan sanda sun hana. Masu gidajen haya suna da haƙƙin tambayar ɗan haya ko yana da makami da inda yake ajiye shi, tun da 'ya'yan kowa ne ke wasa a tsakar gidan.

Ga ɗan'uwana mai niyyar saye, ka tsaya a ƙofar ɗakinka da yamma, lokacin da yara suka taso daga makaranta, ka ƙirga su. In ba ka da wurin da za ka kulle ta inda babu ɗayansu da zai kai, ka bar kuɗinka a aljihu, ka sayi ƙofa mai kyau. Allah Ya tsare mu, Ya tsare zuri'armu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.